Yadda Ake Ratsa Hamada da Gaɓar Teku da Mota Inda Babu Kwalta

Yawancin waɗanda sha'awar ratsa hamada ko bin gaɓar teku da mota ta kama, tambayarsu ta farko ita ce wace irin mota za su nema, alhali kuwa zaɓen mota shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Duk lafiyayyar mota mai ja da tayoyi huɗu, wadda cikinta ya ɗaga daga ƙasa sosai, kuma take da giyar ƙarfi ta hawan tudu da fita daga yashi, za ta iya wannan aiki. Abin da ke raba wanda ya dawo gida yana ba da labari da wanda aka fita nemansa shi ne lissafi, wato lissafin mai da ruwa da nauyin kaya da iskar taya da lokacin cikar teku, sannan da yarda a juya baya duk lokacin da lissafin ya ƙi fita.

Shiri tun daga gida

A fara da mai. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 a kan kwalta tana iya shan ninkin haka a cikin rairayi mai laushi, domin injin yana aiki da ƙananan giyoyi, tayoyi kuma suna ture yashi a gabansu a kowane juyi. Saboda haka idan tsakanin gidan mai na ƙarshe da na gaba akwai kilomita 600, a yi lissafi da lita 24 a kowane kilomita 100, wanda zai ba da lita 144, sannan a ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai saboda ɓatan hanya da zagaye da kafewa, abin ya tashi kusan lita 190. Wanda ya ga wannan adadi ya yi masa yawa, to ya tuna cewa akwai hanyoyi irin ta Canning a yammacin Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 1,850, wadda aka haƙa wa rijiyoyi 51 a farkon ƙarni na 20 domin korar shanu, kuma da yawa daga cikin rijiyoyin nan yau sun rufta ko ruwansu ba ya shawuwa. Sunan rijiya a kan taswira ba ya kashe ƙishirwa.

Ruwa kuwa a ware wa kowane mutum lita 10 a rana a lokacin zafi, rabi ko fiye na sha, sauran na girki da ɗan wanke-wanke, sannan a ɗora ruwan kwana uku a kan kwanakin da aka shirya yi. Kada a zuba shi duka a tanki guda, domin ɗan tsagin da girgizar hanya za ta yi masa ya isa ya tsiyayar da shi cikin dare ba wanda ya sani. A raba shi cikin jarkoki masu lita 20, kowace a ɗaure ta tam, kuma a riƙa taɓa gindinsu a kowane zango.

A nan ne matsalar nauyi take shigowa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta dizal kuma ta ɗan haura gram 800, don haka mutum huɗu masu tafiyar kwana biyar sun riga sun ɗora wa motar sama da kilo 300 na ruwa kaɗai idan aka haɗa da na ko-ta-kwana, ba a zo ga mai da abinci da tanti da kayan gyara ba. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, galibi a jikin ƙofar direba ko a littafinta, kuma wuce wannan iyaka shi ne ke karya sifirin da fasa taya a inda babu mai taimako. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Saman mota na kayan shimfiɗa ne da makamantansu, domin jarkokin da aka jera a can suna sa mota ta yi saurin kifewa da zarar ta karkata a gefen tudu.

Kayan aikin da ba a barinsu su ne shebur mai doguwar ƙota, da gejin awon iska, da famfon taya mai aiki da batirin mota, da kayan faci, da safaya biyu idan tafiyar mai nisa ce, da jak tare da faffaɗan katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, domin jak a kan yashi nutsewa yake yi maimakon ya ɗaga mota. A haɗa da allunan da ake shimfiɗa wa taya, da igiyar ja mai talewa wadda aka yi don wannan aiki, da fanbel, da robobin lagireto, da baƙin mai, da man birki, da fiyus, da na'urar kashe gobara a inda hannu zai kai gare ta nan take. Duk gyaran da motar take bukata a yi shi mako biyu kafin tashi, a kuma yi yawo da ita bayan gyaran, saboda notin da makanike ya manta bai ɗaure ba gara ya bayyana kansa a kusa da gari.

Mota ɗaya ba ta shiga irin wannan tafiya, a ganina, komai ƙwarewar direbanta. Biyu ne mafi ƙaranci, uku sun fi, domin idan ɗaya ta mutu, ta biyu za ta tafi neman taimako, ta uku kuma ta zauna da mutane. Kafin a tashi a bar wa wani amintacce takarda mai ɗauke da hanyar da za a bi, da wuraren kwana, da lambobin motoci, da ranar da idan ta wuce bai ji komai ba zai sanar da hukuma. Wayar hannu ba ta da amfani bayan an bar hasumiyar sadarwa ta ƙarshe, don haka a nemi wayar tauraron ɗan adam ko na'urar neman agaji mai aika sigina a kan mita 406 MHz, wadda tsarin ceto na Cospas-Sarsat ke karɓa, bayan an tabbatar dokar ƙasar ta yarda da riƙe su, domin akwai ƙasashen da suka hana shiga da irin wannan waya ba izini. A sauke taswira a cikin na'urar GPS tun ana da intanet, a kuma riƙe ta takarda da kamfas. Haka nan a bincika batun izinin shiga da lokacin da aka yarda a shiga. Hamadar Simpson ta Ostareliya, alal misali, ana rufe ɓangarenta na kudu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda tsananin zafi, kuma dole kowace mota ta ɗaura doguwar tuta domin mai tahowa daga bayan tudu ya hango ta.

Iskar taya da tuƙi a rairayi

Da an bar ƙasa mai tauri aka fuskanci rairayi, a tsaya, a sauka, a rage iskar tayoyi huɗun. Tayar da ke ɗauke da psi 35 (psi shi ne ma'aunin iskar taya da geji ke nunawa) a kan kwalta a mai da ita tsakanin 16 da 20, idan kuma yashin ya yi laushi ƙwarai ana iya sauka zuwa 12 na ɗan lokaci. Dalili shi ne tayar da aka rage wa iska tana shimfiɗuwa, sawunta ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu a kan fili mai yawa, sai ta hau kan yashin maimakon ta tone shi, kamar dai yadda faffaɗan tafin raƙumi yake yi. Sabon direba yakan ji ƙyashin wannan aiki don yana cin minti 15 a cikin rana, sai ya ce bari ya gwada tukuna, kuma irin wannan gwaji ne yakan ƙare da sa'a biyu ana haƙa.

Amma taya mai ƙarancin iska tana da sharuɗɗanta. Ba a gudu da ita, domin gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi har ya yi zafi ya lalace daga ciki. Ba a kuma karya sitiyari da ƙarfi, domin bakinta yana iya zamewa daga kan ƙarfen wili iskar ta fice gaba ɗaya. Da an koma kan duwatsu ko tsakuwa a ƙara iska, da an hau kwalta kuma a mayar da ita yadda take tun farko, ko da gari ya rage kilomita 10 kacal.

A cikin yashi abin da ake nema shi ne tafiya mai ɗorewa ba yankewa. A zaɓi giyar da injin zai yi aiki da ita cikin walwala, a riƙe totur daidai, kada a canza giya a tsakiyar wuri mai laushi, domin a ɗan lokacin da aka taka kuloci yashi zai riƙe motar cak. Idan za a tsaya, a ɗaga ƙafa daga totur a bar yashin ya tsayar da ita, saboda birki yana tara tudun yashi a gaban kowace taya wanda zai hana tashi. A nemi wurin da hancin motar zai kalli gangara kafin a kashe inji. Sannan a san cewa yashin safiya, wanda sanyin dare da raɓa suka ɗan ɗaure, ya fi na azahar tauri nesa ba kusa ba, kuma da tsakar rana inuwa tana ɓacewa har ido ya kasa bambance rami da tudu. Tashin asuba da hutun tsakar rana sun fi duk wata dabarar tuƙi rage wahala.

Tudun yashi fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa tana da sauƙin hawa kuma yashinta a danne yake, ɗaya fuskar kuma, wadda yashi ke zubowa ta kanta, tana da gangara mai kusan digiri 33 da yashi sako-sako. Ana hawa a miƙe, ana sauka a miƙe, ba a taɓa gicciyar tudu. Idan motar ta kasa kai ƙololuwa, kada a yi yunƙurin juyawa a jikin tudun. A sa ribas a sauko a kan sawun da aka hau da shi, a ƙara nisan ɗaukar hanzari ko a ƙara rage iska, a sake gwadawa. A daidai ƙololuwa kuma a sassauta, domin direba ba ya ganin komai sai sama a wannan lokaci, kuma ba ya sanin ko bayan tudun gangara ce mai sauƙi ko rami ne ko wata mota. Wurin da ba a sani ba, a sauka a taka da ƙafa a leƙa. A wajen saukowa a sa ƙaramar giya a bar injin ya riƙe motar, idan kuma bayanta ya fara zamewa gefe, ɗan ƙarin totur ne ke miƙe ta, birki kuwa ƙara karkatar da ita yake yi.

Gargada ba ta bukatar dogon bayani, illa dai tana kwance noti, tana gasa shokazoba, don haka a riƙa tsayawa ana dubawa. Wurin da ya fi yaudara shi ne farin fili mai gishiri, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, wanda ke kiran direba ya taka totur. Sau da yawa ɓawon sama ne kawai ya bushe, ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai zurfi, kuma motar da ta fasa ɓawon nan tana zama a kan cikinta. A bi tsohon sawun da aka ga ya shiga ya kuma fita, ko a zagaye ta gefe. A wurin da busasshiyar ciyawa ta yi tsawo kuma, a riƙa leƙa ƙarƙashin mota ana cire wadda ta maƙale kusa da salansa, domin ta nan gobara take tashi.

Idan mota ta kafe

Kowa yana kafewa, kuma abin da direba ya yi a daƙiƙa biyar na farko shi ke nuna ko aikin na minti 10 ne ko na yini. Da an ji motar ta daina gaba tayoyi kuma suna juyawa, a ɗaga ƙafa nan take. Na taɓa tsayawa a gefen wani abokin tafiya da ya ƙi yarda ya kafe, yana ta ba ta wuta, yashi na tashi ta bayan tayoyi kamar ana sheƙar hatsi, ina kallon motar tana sauka a hankali har ƙofarta ta daina buɗuwa sai da aka tone gabanta. Wurin da ribas kaɗai zai fitar da shi da farko, sai da muka kwanta rubda ciki muna yashe ƙarƙashin motar da shebur da hannu har la'asar.

Tsarin shi ne a fara gwada ribas a hankali a kan sawun da aka shigo da shi, tunda an riga an danne shi. Idan ya ƙi, a ƙara rage iska, a sauke mutane da kaya masu nauyi, a tone yashin gaban kowace taya ya zama gangara mai sauƙi, a tabbatar cikin motar ba ya zaune a ƙasa, a miƙe sitiyari, a cusa allunan a ƙarƙashin tayoyi, sannan a tashi a hankali ba tare da an bar taya ta yi juyin banza ba. Idan sai an ja da wata mota, a ɗaura igiyar a ƙugiyar da aka yi don ja, wadda ke haɗe da ƙashin motar. Kada a kuskura a rataya ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela, domin yana tsinkewa ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a wurare da dama. A ɗora bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar, kowa kuma ya ja da baya fiye da tsawonta.

Gaɓar teku da agogonta

Tuƙi a bakin teku ya fi na hamada daɗi, ya kuma fi shi gaggawar hukunci, domin a hamada motar da ta kafe tana nan tana jiran mai ita, a gaɓa kuwa ruwa yana tafe. A yawancin gaɓoɓin duniya teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin kimanin sa'a 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa akwai sa'a shida da 'yan mintuna, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa ruwan yana hawa fiye da kullum, yana kuma janyewa fiye da kullum. Saboda haka jadawalin cikar teku na ainihin wurin da za a bi, na ainihin ranar, wajibi ne, kuma a buga shi a takarda. Kafin a shimfiɗa kwalta tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot a Muritaniya, motoci kan bi bakin tekun Atlantika na fiye da kilomita 100, tudun yashi a hannu ɗaya ruwa a ɗaya hannun, kuma direbobin kan zauna su jira janyewar ruwa kafin su shiga, komai saurinsu.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a yi tafiya cikin sa'a biyu kafin ƙarshen janyewa da sa'a biyu bayansa. Abin da ke rudar baƙo shi ne ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. A sa'a ta farko bayan ya juyo kusan ba a lura da shi, amma a sa'a ta uku da ta huɗu kaɗai yake hawa rabin duk abin da zai hau, sai mutum ya ga filin da ya bari mai faɗi ya koma siririn zirin da ba ya ɗaukar mota. Kafin a shiga duk wani yanki da dutse ko gangaren yashi ya tokare ta baya, a san ta ina za a fita da kuma minti nawa zai ci.

Wurin bi shi ne damshin yashi mai tauri da ke ƙasa da layin tarkacen da cikar ƙarshe ta bari, ba tare da an matsa inda igiyar ruwa ke lasa ba, domin kowace igiya da ta koma tana zare yashi daga ƙarƙashin taya. Kada a tsaya a jiƙaƙƙen wuri ko na minti ɗaya. Ƙoramun da ke zubowa cikin teku suna yanka yashi su bar gaɓa mai tsayin gwiwa wadda ba a hango ta sai an zo kanta, kuma bakinsu yakan yi laushi, don haka a sauka a taka, a ratsa a inda ruwan ya bazu ya yi faɗi. A sama da layin cika kuwa kunkurun teku da tsuntsaye suke ajiye ƙwai, ciyawar da ke riƙe tudun gaɓa ma a can take, shi ya sa wurare da yawa suka haramta hawa can. A gaɓar Namibiya akwai filayen tsakuwa da sawun mota guda ke zama a kansu shekaru gommai ana ganinsa, kuma wannan ya isa dalilin bin sawun da ke akwai.

Zango da ranar da abu ya lalace

A yada zango tun da sauran rana, a kan wuri mai ɗan tudu, nesa da sawun motoci. Busasshen kwari yana da inuwa da yashi mai laushin kwanciya, amma ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa, inda ko hadarinsa ba a gani ba, yana iya isowa cikin dare da itatuwa da duwatsu. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 60 yana iya tafiya da babbar mota, don haka idan aka tarar kwari ya kawo, a jira, galibi sa'o'i kaɗan ne ya sauka. A bakin teku kuma a kwana can sama da layin tarkace mafi nisa.

Idan mota ta mutu kuma gyara ya gagara, a zauna tare da ita. Tana da inuwa, tana da ruwa, kuma mai nema daga sama yana hango mota tun kafin ya hango mutum. A kafa rumfa a gefenta, a daina aiki da rana, a sha ruwa gwargwadon bukata maimakon a yi ta tsumulmularsa har jiki ya bushe, a kuma sa ido a kan juna. Wanda fitsarinsa ya yi duhu, kansa na ciwo, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kwantar da shi a inuwa. Wanda kuwa ya fara sambatu ko ya rikice jikinsa ya yi zafi rau, lamarin ya zama na gaggawa: a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a danna na'urar neman agaji ba tare da jinkiri ba. Madubi da rana, fitila da dare, da baƙin hayaƙin tsohuwar taya idan an ji ƙarar jirgi ko mota, su ne hanyoyin jan hankalin masu nema.

Bayan an fito, a mayar da iskar taya, a sanar da wanda aka bar wa takarda cewa an iso, kada ya tayar da mutane a banza. Sannan a wanke ƙarƙashin motar da ruwan daɗi mai yawa a ranar ko washegari, musamman cikin ramukan ƙashinta da bayan wili da kewayen birki, inda jiƙaƙƙen yashi mai gishiri ke maƙalewa ya fara cin ƙarfe. A kakkaɓe matatar iska ko a canza ta, a sake bin notuna ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta lita nawa motar ta sha a kowane yanki, domin da wannan adadi za a yi lissafin tafiya ta gaba.